Yadda za ku gwada kanku da tambayoyin Ingilishi kafin BEPC, jarabawar ƙarshen koleji

Ƙannena na Tawa, kun yi ta tambayata, to ga yadda ake yi:

1. Ku karɓi tsohuwar takardar jarabawa wajen malaminku.
2. Ku kashe salula, ku aje agogo gabanku.
3. Ku karanta labarin da ke cikin takardar sau biyu.
4. Ku ja layi ƙarƙashin kalmar tambaya: who, when, why.
5. Ku amsa da cikakkiyar jimla.

Hattara! Nan ne Faransanci ke kada yara. Library ɗakin karatu ne, ba shagon sayar da littattafai ba kamar librairie na Faransanci. Kuma go ba ya zama goed, went ne. Wannan kuskuren yana ci mini rai.

6. Sai kun gama za ku buɗe ƙamus.
7. Ku rubuta kurakuranku bayan kaye da jan bik.
8. Bayan sati guda ku maimaita takardar.