Yadda Ake Zaɓar Sunan Kirista da Ya Dace da Mace da Namiji

Iyayen da suke son tsayar da suna tun kafin haihuwa, ba tare da sanin jinsin jaririn ba, suna da rijiya biyu da za su ɗeba: sunayen mutanen Littafi Mai Tsarki, da kalmomin bangaskiya na harshensu. Ko wacce suka bi, abu ɗaya ne ba a tsallakewa: a buɗe Littafin a karanta wurin da sunan ya fito. Jerin sunayen da ke yawo a intanet yakan ba da ma'ana, amma ba ya faɗin halin mai sunan.

A fara da koyon warware sunan Ibrananci. Da yawa daga cikinsu gajeruwar jimla ce. Ƙarshen "-ya" guntun sunan Yahweh ne, wato sunan Ubangiji a Ibrananci, "-el" kuma Allah ke nan. Saboda haka Abiya na nufin "Yahweh ne ubana". Sarkin Yahuda ɗan Rehobowam ya ɗauki sunan (2 Tarihi 13), haka ma mahaifiyar Sarki Hezekiya (2 Tarihi 29:1), shaida ke nan cewa na kowa ne. Mikaiya tambaya ce, "wa ya yi kama da Yahweh?" Shi ne sunan annabin da ya faɗa wa Sarki Ahab gaskiya a 1 Sarakuna 22, lokacin da annabawa wajen 400 suka yi masa daɗin baki, kuma an kira wata mace da shi a 2 Tarihi 13:2, ko da yake wasu fassarorin sun rubuta Ma'aka a wurin. Ariyel, "zakin Allah", sunan namiji ne a Ezra 8:16, kuma kirarin Urushalima a Ishaya 29:1.

Kuskuren da aka fi yi shi ne suna ya yi daɗi a kunne, a ɗauka ba bincike. Ataliya na maza da mata ne, gaskiya, amma wadda aka fi sani da shi ita ce sarauniyar da ta hallaka 'ya'yan gidan sarauta (2 Sarakuna 11:1). Nowadiya Balawe ne a Ezra 8:33, amma a Nehemiya 6:14 annabiya ce da ta nemi tsorata Nehemiya. Yaro zai girma ya karanta waɗannan surori da kansa, abokansa ma haka.

Rijiya ta biyu ta fi sauƙi, kuma a ganinmu ta fi amfani, domin duk wanda ya ji sunan ya san ma'anarsa nan take: Bege, Alheri, Albarka, Nasara, Yabo, Haske, Kyauta, Godiya. A haɗa kowanne da ayarsa. Bege na cikin abubuwa uku da ke dawwama a 1 Korantiyawa 13:13, Alheri daga Afisawa 2:8, Haske daga Matiyu 5:14. Ƙauna, Murna da Salama kunne ya fi sabawa da su a kan mata, don haka a auna kafin a ba namiji.

A rage jerin zuwa uku, sannan a gwada su. A faɗi kowanne da ƙarfi haɗe da sunan mahaifi, a ji ko harshe na harɗewa. A duba yadda yara za su gajarta shi. A lura cewa ƙarshen "-iya" kan sa wasu su zaci mace ce, duk da cewa Iliya da Irmiya maza ne. Idan hakan zai dame ku, suna na biyu mai bayyana jinsi yana warware matsalar bayan haihuwa.

Daga nan a tsayar da rubutu ɗaya. Mikaiya, Mikaya da Micaiah mutum uku ne a idon na'ura, kuma Ƙauna kan koma Kauna a inda babu harafi mai lanƙwasa. Abin da aka sa a takardar haihuwa shi za a kwafa harafi da harafi a takardar baftisma, ta makaranta da fasfo, domin gyara daga baya yana cin lokaci ƙwarai.