Babi na 6: Sanin Shanun Madara

Darasi na 1: Shanunmu na gida

Ku ajiye biro tukuna, mu fara da abin da ido ya sani. Farar saniya mai baƙin hanci da baƙin kunne, ita ce Bunaji, kuma ta fi kowace yawa a arewacin Najeriya. Ja mai dogon ƙaho ita ce Rahaji, ta iya doguwar tafiya amma madararta kaɗan ce. Bokolo ta ƙasar Sakkwato gajeren ƙaho gare ta, ga babban tozo. A Nijar akwai Azawak, wadda makiyaya ke yabo wajen madara. Ku karanta sunayen da ƙarfi. Wanda ya yi tuntuɓe ya sake, ba abin kunya ba ne.

Darasi na 2: Auna madara

Nan ne ake faɗuwa, saboda haka a natsu. Suna ba ya cika ƙwarya. Bunaji biyu uwa ɗaya, wata ta fi wata madara, kuma awo ne kaɗai zai nuna muku.

Ku ware kofi ɗaya na awo. Ɗaya tak. In an gama tatsa, a auna da shi, a ƙirga kofi nawa aka samu. Sai a buɗe littafi a rubuta sunan saniya a hannun hagu, yawan kofi a hannun dama. Misali: Fara, 4.

Gobe da wane kofi za a auna? Da na jiya. Jibi fa? Da shi dai. Idan yau kun auna da kofi, gobe da ludayi, jibi da kwanon sha, lissafi ya lalace. Ku ɗaura wa kofin awon zare a hannu don kada yara su ɗauke shi su kai randa.

Kuma a rubuta nan take, tun hannu na ƙanshin madara. Wasunku sai su ce za su tuna da dare. Ba za ku tuna ba! An sha faɗa, amma kullum sai a zo aji da littafi fari fat. Kofi ɗaya, a auna, a rubuta. A yi haka har wata guda.

Darasi na 3: Shanun Turai

Firiziyan mai baƙi da fari asalinta ƙasar Holan ce. Tana iya ba da lita 20 ko fiye a rana, amma ba ta jure zafi da kaska. Shi ya sa cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta haɗa irinta da Bunaji. Wanda ba shi da dusa, ruwa da inuwa, kada ya saya.

Darasi na 4: Ciki

Saniya na ɗaukar ciki wata 9 da 'yan kwanaki. Ku rubuta ranar barbara. In ta haihu, a bar wa maraƙi dakashi ya sha.