Kurakuran da shugabanni suka fi yi wajen ɗaukar ma'aikata da riƙe su

Yawancin matsalolin wurin aiki tun ranar ɗaukar ma'aikaci ake shuka su. Shugaba ya zauna da mai neman aiki na minti ashirin, hira ta yi daɗi, sai ya ce jininsu ya haɗu. Alhali zaƙin baki daban, iya aiki daban, kuma sau da yawa gwani ba ya iya tallata kansa. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter sun tace binciken shekara 85 kan ɗaukar aiki, suka gano cewa gwajin aiki na zahiri da intabiyu mai tsari sun fi hirar da ba ta da tsari nuna wanda zai yi ƙwazo. Gyaran ba wuya. A tsara tambayoyin tun da wuri, a yi wa kowa iri ɗaya, a ba da maki nan take. Sannan a sa mutum ya taɓa aikin: akawu a miƙa masa lissafi mai kuskure a ga ko zai gano. Wanda aka kawo da alfarma shi ma ya bi wannan layin, in ba haka ba sauran ma'aikata za su fahimci cewa ƙwazo ba ya biya.

Akwai kuma mayar da gwanin ma'aikaci manaja don a saka masa, ba tare da horo ba. A rasa gwani, a samu manajan da bai san yadda ake tafiyar da mutane ba. A horar da shi tukuna, ko a ƙara masa matsayi da albashi ya ci gaba da abin da ya ƙware a kai.

Amma wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hukunta mai kawo labari mara daɗi. Ma'aikaci ya ce ya yi kuskure, a ci masa mutunci a gaban abokan aikinsa. Daga ranar kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, ɓarna kuma tana ta girma a ɓoye. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi nazarin ma'aikatan asibiti, ta tarar rukunonin da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi ba da rahoton kurakurai. Ba wai sun fi yin kuskure ba ne, tsoron faɗa ne ba sa ji.

Don haka, kai shugaba, yabo a bainar jama'a, gyara a keɓe. Ka riƙa zama da kowane ma'aikaci shi kaɗai ko da sau biyu ne a wata, ka tambaye shi abin da ke hana shi aiki. In ya faɗa, ka kawar da abin, ko ka gaya masa dalilin da ya sa ba zai yiwu ba yanzu, da ranar da za ku sake duba maganar.