Babi na 7: Sayar da Fili Don Karatun Yaro, da Lissafin Lanho

Darasi na 1: A cire kafin a ƙirga

Yaro ya ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya samu gurbi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi, kun yanke shawarar sayar da fili. Madalla. Amma kuɗin da dillali ya faɗa muku ba su ne za su shiga aljihunku ba. Lanho, wato haraji, yana da rabonsa a ciki.

Iyayena, ku buɗe littafin rubutu. Ku ja layi daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar shafi. A dama, wajen hannun cin tuwo, ku rubuta farashin fili. A hagu ku rubuta abin da zai fita. Lambobin nan na koyo ne kawai.

Dama: 3.000.000 na sefa, wato jika dubu uku. Ku ɗora yatsa ku ƙirga sifili. Shida ne. Wanda ya samu biyar ya goge ya sake, babu kunya a ciki.

Hagu: la'adar dillali 150.000, tsohon bashin lanho 100.000, harajin sayarwa da kuɗin takardu 350.000. A haɗa, 600.000.

Yanzu a cire hagu daga dama. Ya rage 2.400.000. Ku zagaye wannan lamba da biro. Ita ce kuɗin karatu.

Mu sake. Wace lamba ce kuɗin karatu? Wadda aka zagaye. Inna, na ga kin zagaye 3.000.000. Ba laifi, goge. A cire tukuna, sannan a zagaye. Ku rufe littafi, ku faɗa da baki sau uku: a cire, sannan a zagaye. Yauwa, kun fara kamawa.

Wani dattijo a ajin bara ya raba miliyan ukunsa tun kafin su zo hannu: na rajistar jami'a, na hayar ɗaki, har da babur. Ranar biya ya tsaya gaban tebur, hula a hannu, yana sake ƙirga damin jika goma-goma ko sun ɓuya. Bai cire ba. Ku dai ku cire.

Darasi na 2: Tambayoyi a ofishin lanho

Ku je kafin a yi ciniki, ba bayan an yi sallama ba. Ku riƙe takardar fili, katin shaida, da takardar da ta nuna nawa kuka saye shi. Hukuma tana duba ribar da ke tsakanin kuɗin saye da na sayarwa, shi ya sa tsohuwar takarda take da daraja. Ku tambaya: akwai bashi a kan filin nan? Nawa ne harajin riba? Kuɗin rajistar fili fa? Ku daidaita da mai saye a kan wanda zai biya wane, a sa a rubuce. Amsar da aka ba ku, a hagu za ta shiga. Sannan a cire.

Na gaji da jin "ai dillali ya ce babu komai". Dillali ba ma'aikacin lanho ba ne, la'adarsa yake jira! Kuma ku daina yarda a rage farashi a takarda don a guje wa haraji. Ran da rigima ta tashi, abin da ke rubuce alƙali zai karanta.

Darasi na 3: Rabawa

Digirin farko shekara 3 ne. Ku raba lambar da kuka zagaye gida uku: 800.000 kowace shekara. Wadda kuka zagaye na ce, ba farashi ba.

Darasi na 4: Rasit

Duk abin da kuka biya, ku karɓi rasit mai hatimi. Ku sa a leda, ku ajiye inda gara ba ta kai.