Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa akwatunan zaɓi da tsarin bayanai a ASP.NET MVC

Yawancin matsalolin da masu rubuta manhaja ke fama da su a kan akwatunan zaɓi tushensu ɗaya ne: burauza ba ta aika akwatin da ba a sa wa alama ba. Idan ɗalibi ya zaɓi darussa biyu cikin goma a fom ɗin rajista, sunaye da ƙimomin waɗannan biyun kaɗai ke isa sabar, sauran takwas kuwa babu labarinsu. Shi ya sa Html.CheckBoxFor, umarnin da ke samar da akwatin zaɓi a ASP.NET MVC, ke ƙara ɓoyayyen fili mai suna iri ɗaya da ƙimar false a bayan kowane akwati. Wanda ya rubuta akwatin da hannu ya manta da ba shi ƙima, sai burauza ta aika kalmar on idan an sa masa alama, wadda ba za ta juyu zuwa bool (nau'in ƙimar da ke zama true ko false) ba. Gyaran shi ne a rubuta value="true" tare da ɓoyayyen filin.

Kuskuren da ya fi cin lokaci, a ganina, shi ne na sunaye. Idan aka zagaya jerin darussan da umarnin maimaitawa na foreach, duk akwatunan sukan fito da suna ɗaya, jerin kuma ya iso sabar babu komai a cikinsa. Abin da ake buƙata shi ne for mai lamba, domin sunayen su fito kamar Darussa[0].AnZaba da Darussa[1].AnZaba. Lambobin dole su fara daga sifiri, su bi juna ba tsallake, domin idan aka goge layi na uku da JavaScript, mai haɗa bayanan, wato sashen da ke zuba ƙimomin fom cikin tsarin bayanai, zai tsaya a inda giɓin yake ya watsar da duk abin da ya biyo baya, ba tare da ya nuna wani kuskure ba. Ana magance wannan ta hanyar sake jera lambobin, ko a ba kowane layi ɓoyayyen fili mai suna Darussa.Index.

Haka nan a riƙa aika Id, wato lambar shaida, na kowane layi a ɓoye, in ba haka ba sabar za ta san an sa alama amma ba za ta san a kan wane darasi ba. Idan lambobin shaidar abin da aka zaɓa kawai ake so, ya fi sauƙi a ba akwatunan suna ɗaya da ƙimomi dabam-dabam, a karɓe su a matsayin List<int>.

Akwatin da aka kulle da disabled shi ma ba ya tafiya ko da yana da alama, ɓoyayyen filinsa kuma zai aika false. Ga masu dogayen teburori, ASP.NET Core na ƙin fom ɗin da ƙimominsa suka wuce 1024 sai an ɗaga ValueCountLimit, kuma kowane layi mai alama yana cin ƙima uku idan an haɗa da Id ɗinsa.