Kurakuran da ke kashe takardun kemistirinmu tun kafin a kai ga maganar lambar yabo

Duk shekara idan mujallun kemistirin haɗa sinadarai suka fitar da sunayen takardun da suka ci lambar yabo, sai ka ga 'yan mastas da 'yan PhD ɗinmu na Kano suna ta turawa juna a WhatsApp, wannan ya ce Allah ya nuna mana namu, wancan ya ce ai mu ba mu da kayan aiki. To gaskiya ne kayan aiki sun yi mana ƙaranci, amma wallahi na gaji da ganin takardun da ba rashin na'ura ne ya kashe su ba, sakaci ne kawai, kuma sakacin iri ɗaya ne kullum.

Ku fara sanin yadda abin yake. Synthesis da Synlett mujallun kamfanin Thieme ne da ke Stuttgart a Jamus, ta farko tun 1969 take fitowa, ta biyu tun 1989, kuma kowacce tana zaɓar takardar da ta fi fice a shekara, editocinta ne ke zaɓa daga cikin abin da suka riga suka buga. A Amurka ma Journal of Organic Chemistry da Organic Letters suna karrama fitacciyar takardar shekara. Kenan sai takardarka ta tsallake edita da masu bita ta shiga mujallar tukuna kafin ma a san da ita, mu kuwa a bakin ƙofar nan ake juyo da mu.

Babban abin da ke ƙona min rai shi ne kason da ake cewa an samu, wato nawa aka samu cikin 100 na sinadarin da lissafi ya ce zai fito. Yaro zai haɗa sinadari, ya wuce da shi ta kwalam ɗin silika don tsarkakewa, ya busar sama-sama a rotabab, na'urar da ke janye ruwan narkarwa, ya ɗora a sikeli ya rubuta kashi 98 cikin 100, yana murna. Haba ƙanena! Rabin murnar nan taka ruwan narkarwa ne da bai gama fita ba, daidai da mai yayyafa wa citta ruwa kafin ya ɗora ta a sikeli a Dawanau. A 2010 Wernerova da Hudlicky sun buga takarda a Synlett ɗin nan dai, suka nuna cewa duk matakin da ka bi, tacewa ne ko wankewa ko kwalam, sai ka yi asarar kashi 1 zuwa 2, don haka kason da ya haura 94 bayan an gama tsarkakewa abin a tsaya a sake dubawa ne. Masu bita sun san da wannan takardar ko kai ba ka sani ba.

Wannan kuskuren ya taɓa cin mu da tsada. Wani aikin haɗin gwiwa muka yi, abokin aikin ya turo tebur duk kasonsa sama da 95, muka tura takarda, sai mai bita ya dawo mana da sifektiranmu na NMR, zanen layukan da ke nuna abin da ke cikin samfuri, ya yi da'ira a kan layukan 4.12 da 2.05 da 1.26, wato ruwan narkarwa na etil asitet ne zaune daram a cikin kowane samfuri. Aka ƙi takardar. Samfuran sun ƙare, kuɗin da muka haɗa muka aika da su aka yi NMR ya tafi, kayan farawa kuma sai an sake odarsu daga waje da dala, ka san yadda wannan yake. Har yau idan na ga 1.26 a sifektiran ɗalibi raina ɓaci yake.

Ni yanzu ga yadda nake yi, ban ce dole kowa ya bi ba. Ina auna kwalba babu komai a ciki in rubuta nauyin a littafi da biro, ba a jikin kwalbar ba don asiton na goge shi. In busar a famfon bakyum, in auna, in mayar, in sake aunawa, sai nauyin ya daina sauka sannan in yarda. In an ɗauke wuta ana cikin busarwa to wannan awon ba ya cikin lissafi. Da damina kuma, musamman Agusta, akwai sinadaran da ke zuƙar danshi kana kallonsu a kan sikeli lamba na hawa, irin waɗannan daga desiketa, mazubin da ke hana danshi shiga, sai sikeli, kuma ka duba silikar da ke ƙasan desiketar, in shuɗin ya koma ruwan hoda ta mutu, a gasa ta. Sannan don Allah a daina lissafin kaso a kan miligiram 10, kuskuren miligiram 1 kaɗai ya ba ka kashi 10 na ƙarya.

Na biyu shi ne hujjar cewa abin da ka ce ka haɗa shi ɗin ka haɗa. Mu nan an saba, a haɗa salisilaldehaid da wani amin, a samu hoda mai rawaya, a yi IR, awon da ke nuna irin haɗin da ke tsakanin atam, a ga layi wajen 1620 a ce C=N ya fito, shi kenan sai gwajin ƙwayoyin cuta. Wannan zai iya fitar da kai daga difens na kare digiri amma ba zai shigar da kai waɗancan mujallun ba. Sabon sinadari yana buƙatar NMR na hayidirojin da na kabon, da HRMS, wato ainihin awon nauyin molekul, ko awon sinadaran ciki da bai kauce wa lissafi da fiye da kashi 0.4 cikin 100 ba. Ka nemi jadawalin Gottlieb da abokansa na 1997, mai nuna inda layin kowane ruwan narkarwa ke fitowa a NMR, ka manna a bangon lab, ka haddace 7.26 na kulorofom, 1.56 na ruwa a cikinsa, 2.50 na DMSO. Abin da ba zan yafe ba kuma shi ne goge layi da kwamfuta. Na ji da kunnena ana ba wa yaro shawarar ya share datti don sifektira ta yi kyau, subhanallahi, wannan ha'inci ne, ba gyara ba. A 2013 Amos Smith, babban editan Organic Letters a lokacin, ya fito ya rubuta cewa sun kama sifektirorin da aka yi wa haka, kuma yanzu ana iya ce maka turo ainihin fayil ɗin FID, wato ɗanyen bayanin da na'urar NMR ta fitar. In samfurinka da datti ka sake tsarkake shi. In ka aika NMR wani gari ka ce a turo maka fayil ɗin, kar ka karɓi hoto kawai.

Sai gwajin kwantirol, wato maimaita haɗin ba tare da abin da ake zaton shi ke aikin ba, wanda kusan ba mai yi. A 2003 rukunin Leadbeater sun ba da rahoton haɗin Suzuki ba tare da ƙarfen faladiyam da aka san shi ke tura wannan haɗin ba, a 2005 su da kansu suka dawo suka ce ashe akwai ɗan burbushinsa a cikin sodiyam kabonet ɗin da suka yi amfani da shi, kuma shi ke yin aikin. Kai da kake aron maganaɗisun juyawa daga bencin maƙwabci, irin wannan burbushin zai iya biyo shi, don haka ka cire abin da kake zaton shi ke tura haɗin ka ga ko zai tafi ba shi, da sabon filas.

Ƙananan kuwa suna da yawa. Kar ka ɓoye sinadaran da suka ƙi yi, ka saka su a tebur, masu bita na ganin mutuncin haka. In ka rubuta zafin narkewa ka faɗi ruwan da ka sake ƙanƙarar da shi a ciki. Gabatarwa ba wurin kwafo tarihin kemistiri ba ce. Mujallar da ta turo maka imel tana cewa za ta buga cikin sati ɗaya in ka biya, ka goge imel ɗin. Sannan “zafin ɗaki” da kuke rubutawa, Bature zai ɗauka digiri 20 zuwa 25 ne, alhali lab ɗinmu a watan Afrilu yana iya kusantar 40, da hunturu kuma ya sauko sosai, shi ya sa haɗin da ya yi maka a bazara zai ƙi yi wa wani. Ka rataye ma'aunin zafi kusa da benci ka rubuta lambar da ka gani ranar da ka yi aikin.