Darasi na 9: Manganis a Abincinmu da Gudan Jini a Jijiya

Ku ɗauki ƙwayar gero guda ku ɗora a tafin hannu. Manganis ɗin da jikin babban mutum yake buƙata a yini bai kai nauyin wannan ƙwaya ba: miligiram 2.3 ga namiji, 1.8 ga mace, 2.6 ga mai shayarwa.

Manganis sinadari ne dangin ƙarfe da yake cikin ƙasa. Shuka tana zuƙo shi ta saiwa, mu kuma mu same shi a kwanon abinci. Yana ƙarfafa ƙashi, yana kuma aiki tare da bitamin K wajen tsayar da jini idan mutum ya ji ciwo.

Ba sai an je kanti neman sa ba. Yana cikin gero da dawa da alkama, da wake da gyaɗa, da alayyahu, har da shayi da kanumfari da citta. Sai dai a hatsi, rabo mai yawa yana cikin dusa ne. Uwargida ta surfa gero ta bakace, ta wanke har ya yi fes, ta zuba wa akuya dusar. To, akuya ta ci riba. Wannan ne ya sa shinkafar gida mai ɗan duhu ta fi fara tas wadda inji ya goge.

Daskarewar jini a bakin rauni alheri ne, don ba domin ita ba, yankan reza ma sai ya kai mutum ƙasa. Matsala ita ce jini ya yi guda a cikin jijiyar da take mayar da shi zuwa zuciya, galibi a sha-raɓa ko cinya. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ɗayar lafiya lau. Wurin ya ɗau zafi, yana ciwo kamar an ɗaure shi da igiya. Idan gudan ya ɓalle ya bi jini zuwa huhu, numfashi ya sarƙe, ƙirji ya riƙe, wani har ya yi tari da jini. Wannan yana iya kisa cikin ɗan lokaci.

Tunda manganis yana da hannu a aikin jini, kada wani ya ce bari ya sayi ƙwayarsa don rigakafi. Ƙwayar manganis ba maganin gudan jini ba ce. Iyakar da aka gindaya wa babba ita ce miligiram 11 a yini. Hanta ce take fitar da rarar, saboda haka mai ciwon hanta ya fi kowa shiga haɗari. Idan ya taru, ƙwaƙwalwa yake taɓawa: hannu ya riƙa rawa, tafiya ta gagara. An fi ganin haka wurin masu walda da masu haƙar ma'adinai da suke shaƙar ƙurarsa.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suke kawo gudan jini shi ne rashin motsi. Wanda ya hau mota daga Kano zuwa Legas, an matse shi tsakanin buhuna, ƙafa a lanƙwashe tun asuba, jininsa kwanciya yake yi a ƙafa kamar ruwan kududdufi. Zaman tafiya da ya wuce awa 4 yana ninka haɗarin. In an tsaya salla ko shan mai, ku sauka ku taka. A cikin mota ko jirgin alhazai, ku riƙa ɗaga dunduniya kuna saukewa, ku sha ruwa.

Mai ciki da mai jego su ma abin lura ne, musamman makonni 6 na farko bayan haihuwa. Hutu daban, kwanciya yini guda a ɗaki daban. Haka wanda aka yi wa tiyata, da mai sikila, da mai ƙiba, da mai shan taba.

In kun ga ƙafa ɗaya ta kumbura, kada a yi tausa, kada a kira wanzami ya yi ƙaho. A tafi asibiti a ranar. Can ake ba da maganin tsinka jini irin su heparin da warfarin. Mai shan warfarin kada ya sauya yawan ganyen da ya saba ci sai ya tambayi likita.

Aiki: rubuta abin da kuka ci jiya a gidanku, ka ja layi a ƙarƙashin duk wanda yake da manganis. Sannan ka karanta wa na kusa da kai alamomin gudan jini a ƙafa da ƙarfi.